Doña Hermencia ba ta sayarwa ba gyara

Duk wanda ya taɓa jiran bas a bakin titin unguwarmu ta Aguablanca, nan birnin Cali, ya san Doña Hermencia Angulo ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai faranti a ka, mai alawar kwakwa. Daga Guapi ta zo, can bakin teku, a shekarun da 'yan bindiga suka hana mutane kwana a gidajensu. Ni maƙwabciyarta ce, na daɗe ina kankare mata kwakwa, don haka na san halinta ciki da bai.

Halin nata kuwa shi ne ba ta sayarwa ba gyara. Ka sayi uku ta ɗora maka ɗaya, ka sayi ɗaya ta gutsuro maka rabi. Na sha yi mata tsiya cewa da ta tara gyaran da take rabarwa, da tuni ta gina bene. Sai ta harare ni ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa sallamar mutum da iya abin da ya biya ba, ita ma ba za ta fara ba.

Da girma ya kama ta, gwiwoyi suka ƙi. Takan dawo daga talla ta zauna a ƙofar gida tana matsa su, ni kuwa tausayi ya cika ni. Ana cikin haka wata matashiya mai suna Yolima Riascos ta sayi alawar a tasha, ta ɗanɗana, ta biyo ta har gida. Yolima ma'aikaciya ce a wata ƙungiya da ke haɗa 'yan kasuwa baƙaƙen fata da manyan kamfanoni. Kamfanonin kan shiga ƙungiyar, su yi alkawarin sayen kaya a hannunmu, mu da a da ko mai gadinsu ba ya duban fuskarmu.

Aka yi wata da watanni ana koya mata aiki. Aka gyara madafarta, aka ba mu hulunan rufe gashi, aka buga sunanta a kan leda. Ranar da ta ga sunan nan sai da ta shafa shi da yatsa. Daga nan wani babban otal, mamba a ƙungiyar, ya nemi a kawo masa alawar don a riƙa ajiye wa baƙi a kan filo. Yolima ta faɗa mana gaskiya, wannan karon gwaji ne. In ya yi kyau an ɗauke ta, in bai yi ba sai ta koma ɗaukar faranti da gwiwoyin nan.

Muka yi aiki kamar na biki. Da muka gama shirya kwalaye, sai na ga Doña Hermencia tana naɗe wata alawar a ganyen ayaba tana cusawa a kowane kwali. Ban hana ta ba, don ni ma a idona haka ya dace.

Da azahar motar da ta kai kayan ta dawo da su gaba ɗaya. Mai kula da ɗakin ajiyar otal ya buɗe kwali, ya ga abin da ba a nema ba, ba leda ba suna, ya ce ba zai iya karɓa ba. Yolima ta zo a guje. Ta zauna a kan buhun kwakwa ta yi wa Doña Hermencia bayani a hankali: kamfani ba ya karɓar abin da bai ce a kawo ba, kuma an hana ma'aikatansa amsar kyauta daga masu kawo kaya, don kada ta zama toshiya.

"Toshiya?" in ji Doña Hermencia. "'Yar nan, ni za a ce wa toshiya? Gyara ne fa. Mutum ya zaɓe ni cikin garin nan duka, in miƙa masa kaya tsirara?"

"Mama, na sani," Yolima ta ce. "Laifina ne, komai na koya miki ban faɗa miki wannan ba. Na roƙe su, sun ba mu zuwa gobe."

Ban taɓa ganin ran Doña Hermencia ya ɓaci haka ba. Ta ciro ƙunshin ganyen ɗaya bayan ɗaya da hannunta, ta hana mu taya ta. Washegari aka karɓi kayan, bayan kwana biyu aka ce an ɗauke ta. Muka yi ta guɗa, ita ko ta yi murmushi kawai, ta ce mini ji take kamar ta ƙwari mutane.

Na ce, "Yaya, ke dai Allah ya yi ki da son asara."

Da yamma ta zuba ƙunshin nan a kwando ta ce in raka ta. Muka hau bas har bayan otal ɗin, inda masu share ɗakuna ke jiran mota idan sun tashi aiki. Yawancinsu matan bakin teku ne irinmu. Tun da farko ta tambayi Yolima, an ce mata a kan titi babu mai hana ta ba wa wanda ta so. Ta dafa kafaɗata saboda gwiwoyin, ta bi su tana miƙa wa kowace ɗaya.

Wata dattijuwa ta warware ganyen ta tsaya tana dubawa, sannan ta tambaya ko ita ce mai sunan da ke kan ledar. Doña Hermencia ta ce ita ce.

"Tun jiya nake jera ta a kan filo," matar ta ce. "Ƙamshin ya yi ta kai ni gida. Ban yi zaton zan sa ta a baki ba."

Doña Hermencia ta ɗauko wani ƙunshin ta danna mata a hannu.

"To ga gyaranki, 'yar'uwa."