Sitta Shawwal a Bayan Dutse

A shekarun da kuɗin fetur ya fara shiga aljihun mutanen da jiya-jiya muke layin ƙosai tare da su, yayan matata ya zama ɗan kwangila. Kwalbatoci yake yi wa gwamnati. Ya je Makka ya zama Alhaji, ya je Ikko ba adadi, kuma duk zuwa sai ya dawo da wata sabuwar al'ada, kamar yadda wasu kan dawo da mura. Wata ƙaramar Salla ya dawo da hutu. Ya ce a can manyan mutane kan kwashi iyalinsu su tafi bakin ruwa su zauna, ba biki ba, ba ta'aziyya ba, zama kawai.

Ni a lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata firamare a Kazaure. Na sha zana wa yara tafki a allo, amma ban taɓa tunanin mutum zai biya don ya kalle shi ba. Duk da haka, washegarin Salla na tsinci kaina a bayan doguwar motar Alhaji, da matata, da ƙanwarta, da matansa da 'ya'yansa da ƙannensa a wata motar, an kuma aika Roni an ɗauko Inna, mahaifiyarsu.

Gidan da ya kama haya, Turawan da suka yi aikin hanya ne suka gina wa kansu a bakin ruwan da ke gefen gari, suka tafi suka bar shi. Ƙaton gida ne, ban musa ba. Amma wanda ya zana shi, ko wane ne, ba shi da suruka. Babu zaure, babu tsakar gida, babu ko zanar da mutum zai laɓe. Falo ne guda ɗaya, bangonsa na gabas gilashi zalla yana kallon ruwa, duk ɗakuna a cikinsa suke buɗewa, a tsakiya kuma ga dogon tebur na cin abinci. An shimfiɗa wa ɗakunan darduma bango zuwa bango, masu gida suka kafa sharaɗin kada a shiga da ko loma ɗaya. Kuku kuwa, da an yi isha'i yakan kulle kicin ya tafi gida da mabuɗi.

Inna Bafulatana ce ta ainihi. Tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin ƙwayar idonta ba. Gaisuwarmu daga nesa ce, ni a tsugune, ita a bayan asabari. Ba ta kama sunana, "mutumin Babura" take cewa. Alhaji ma, da yake ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye; "mai motar nan" ne. Batun in ci abinci tana gani, ko ta ci ina gani, wannan ko a mafarki ne sai na farka na yi istigfari.

Da azahar ta farko Alhaji ya tafa hannu, ya ce kowa ya hau tebur, haka ake yi a duniya. Ya zaunar da Inna a kai, ya nuna mini kujerar da ke fuskantarta.

"Zauna, Ticha. Kai ne mai ilimin cokali, ka koya mana."

Aka ajiye shinkafa da miyar kaji. Na dubi farantin, Inna ta dubi gefen mayafinta. Cokula suka fara kaɗawa ko'ina ban da wuri biyu. Ƙanwar matata, wadda al'ada ta ba ta lasisin tsokanata kuma ba ta taɓa barin sa ya kwana ba, ta leƙo fuskata.

"Angona, ba ka ci ba. Ko Sitta Shawwal ka ɗauka ba mu sani ba?"

An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Na ce, "Ita ce."

"Ashe. To ga Inna ma, ku biyu ke nan."

Inna ta ja mayafinta. Ta miƙe ta koma ɗaki. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, ya ce albarka ta sauka a gidan. Ni kuwa na san abin da littafi ya ce: azumin da ba a kwana da niyyarsa ba, sunansa yunwa, kuma ba a rubuta mata lada.

Na ɗauka na tsira. Da magariba na gane ban yi lissafi ba. Alhaji ya sa aka shirya buɗa-baki na musamman, kunu da ƙosai da dabino da farfesun kifin da aka kamo a ruwan nan, aka jera mana mu biyu kawai, sauran jama'a suka ja da baya suna kallon masu ibada. Inna ta ɗauki dabino ɗaya ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce lokacin salla na wucewa. Ni na ce alwalata ta karye. A bayan gida, da ruwan buta, na sha ruwa.

Haka muka ci gaba. Ni da goro da buta nake maneji. Yara na ninƙaya a gefen ruwa, ƙannen Alhaji na karta, rediyo na kiɗa, ni kuma ina zaune gaban gilashi ina kallon tafki, duk farin tsuntsun da ya sauka sai in ga ya yi kama da abin da aka fige. Yunwata dai abin dariya ce. Ta Inna ba haka ba. Matata ta tare ni a wajen igiyar shanya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, in ban da ruwa da dabinon nan, babu abin da ya shiga cikin Inna tun da muka zo. Ɗazu da ta idar da salla sai da ta dafa bango."

"Ki gaya wa Alhaji."

"Na gaya masa. Ya ce kada in shiga tsakanin Inna da Ubangijinta."

"To ita ta gaya masa mana."

Ta yi mini irin kallon da nakan yi wa yaron da ya ce Kano tana kudu da Ikko. "Ɗan farinta? Ta ce masa tana jin yunwa? Kuma duk inda ta juya a gidan nan kai take gani."

Wannan ta ƙarshe ta zauna mini. Tsohuwa na neman faɗuwa, kuma ni ne katangar da ke tsakaninta da ƙwarya. Muka shirya cewa gobe da hantsi, in Alhaji ya kwashi jama'a zuwa yawon kwalekwale, zan ɓace, ita kuma ta shigar da Inna kicin. Ta ƙunso mini burodi da gwangwanin kifi a cikin hular sanyi, don kada tafiyar ta tashi a banza.

Abin da ba mu sani ba, ƙanwarta ma ta yi nata shirin. Ta je ta gaya wa Inna cewa mutumin Babura ya kusa zama gawa saboda ita. Inna ta ce subhanallahi, ita za ta bar masa gidan. Washegari aka tsayar da wata mai tallar nono, aka dama wa Inna fura, ta fice da ita ta ƙofar baya. 'Yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya suke kwana, amma babu wadda ta shawarci 'yar'uwarta.

A duk bakin ruwan nan, wuri ɗaya ne gilashin gidan ba ya hangowa: bayan wani ƙaton dutse mai inuwar tsamiya. Ba sai mai labarin ƙasa ne zai gano shi ba. Da hantsi ya yi na zagaya can na zauna, na murɗe murfin gwangwani, na yagi burodi na dangwala, na cika baki yadda ban taɓa yarda ɗalibi ya yi a gabana ba. Man kifi na bin haɓata. Sai na ji ƙarar ludayi a jikin ƙwarya. Na leƙa.

Inna ce, a zaune kan ɗankwalinta, ludayi a baki.

A ranar na ga ƙwayar idonta. Ba zan iya cewa tsawon wane lokaci muka yi a haka ba. Lomar ta ƙi gaba ta ƙi baya. In haɗiye, ta ga maƙogwarona ya motsa; in tofar, na wulaƙanta abinci a gaban suruka; in gaishe ta, da wane bakin? Na tsuguna dai, don ƙafafuna sun san aikinsu ko da kai ya tsaya, gwangwani a hannu, rana tsaka, mai azumin Sitta Shawwal. Da ruwan nan ya taso ya tafi da ni, da na gode masa.

Inna ta sauke ludayi a hankali. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya mini baya, ta fuskanci wasu shanu da ke shan ruwa can nesa. Da su ta yi magana.

"Tsufa dai ba daɗi. Ido ya tafi, ko dutse ba na gani sosai. In da wani bawan Allah a wajen nan, ya ci abincinsa, kada ya bar wa tururuwa."

Na ja da baya a tsugune har na koma ɓangarena. Na daɗe ina sauraro. Da na ji ludayi ya ci gaba da aiki, sannan na haɗiye.

Sauran kwanakin, dutsen nan ya zama zauren da Bature ya manta bai gina ba. In na iso sai in yi gyaran murya. In tana nan sai ta ƙwanƙwasa ƙwarya sau ɗaya. Ita gabas, ni yamma. Ta daina dafa bango. Da magariba kuma mu zauna gaban buɗa-bakin Alhaji a ƙoshe, mu ƙi taɓawa, jama'a na mamakin ƙarfin imaninmu.

Ranar tafiya Alhaji ya tara kowa a falo, ya ce akwai wata kwangilar gada da yake nema, kuma tun da Allah ya haɗa shi da masu azumi biyu, bakinsu ba ya faɗuwa ƙasa, Ticha ya yi addu'a Inna ta shafa. Na ɗaga hannu. Ƙanwar matata ta matso kusa da kunnena.

"Angona, ka goge hannun rigarka tukuna. Mala'iku ba sa son ƙarnin kifi."

Na yi addu'ar, muryata na rawa, aka ce tsoron Allah ne. Ya kuwa samu kwangilar, abin da har yau ban san yadda zan fassara ba.

Ni da Inna ba mu taɓa tayar da zancen ba. Da ma ba mu da hanyar tayar da kowane zance. Muka koma gaisuwar bayan asabari. Sai dai tun daga shekarar har ta koma ga Mahaliccinta, duk washegarin ƙaramar Salla sai ƙwaryar fura ta iso gidana daga Roni, an rufe ta da faifai. Matata takan ajiye a gabana ba ta kallona, ta ce, "Inna ta ce a ba mai azumi, ya sha tun da hantsi."