Karan Dawar da Na Yi Alkawarinsa

Idan na girbe dawa a gonata ta Rawayau, ba na kwashe kara. Tun muna da ƙarfi muka ƙulla alkawari da wani dattijon Bafulatani: shanunsa su ci karan, su bar mini taki. Ba mu taɓa saɓawa ba, sai shekarar da surukina, mijin 'yata ta biyu, ya shigo tsakani.

Ma'aikaci ne a Dutsin-Ma. A can ya ga masu bincike suna gasa kara a tukunyar ƙarfe wadda iska ba ta shiga, hayaƙin ya bi bututu, ya huce, ya zama baƙin mai. Sau ɗaya ya gani, ya ɗauki kansa gwani. Ina Kurfi wajen ta'aziyya ya tura mota ta share gonar, ba da izinina ba.

Na tarar da shi a bayan gidansa yana liƙe murfin duro da laka, har bakin bututun ya toshe, ya bar 'yar kafa.

"Baba, sannu da hanya. Mai za mu yi, na injin ban ruwa."

"Da karan wa?"

"Ai namu ne, Baba. Shanu kashi kawai za su mayar da shi."

"Kashin nan shi ya ciyar da matarka har ka same ta."

Ya yi dariya, ya ce haka mata ke liƙe madambaci kada tururi ya tsere. Gwargwadon matsi, gwargwadon mai, in ji shi. Wannan shi malamanmu ke kira jahilci murakkabi: mutum bai sani ba, kuma bai san bai sani ba.

Duro bayan duro ya ƙona, sai gawayi. Man bai cika kwano ba. Daga baya masu binciken suka gaya masa cewa hayaƙin da matsi ya tsare a ciki komawa gawayi yake yi, wanda ya fita da sauri shi ke zama mai.

Bafulatanin ya iso da garkensa, ya dubi gonar fayau.

"Malam, lafiya dai?"

Na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa. Ya ce, "Allah ya kyauta," ya kaɗa shanunsa wajen Birchi. Bai sake zuwa ba.

Surukin ya aiko mini da buhun gawayi, na mayar masa. Har yau ina amsa sallamarsa, domin wajibi ce, ba na ƙara masa ko harafi ɗaya.