Injin Baba a Motar Wani

Ɗazu a unguwar Sofoline, nan Kumasi, wata tsohuwar mota ta wuce tana gurnani, na tsaya cak a bakin titi har jikata ta ja min hannu. Ƙarar motar Baba na ji.

Babanmu makaniki ne a Zongo. Ana gab da samun 'yancin kai wani Bature ya bar masa motar tsere mai kujera biyu. Kamfanin ya daina ƙera irinta, kayan gyaranta sun daina zuwa. Abin da ya lalace Baba ya kai wa maƙeri, kafireta kuwa da kunne yake saita ta.

Irinta biyu ce a Kumasi. Ɗayar ta wani ɗan Asante ce mai sayen koko.

Da Baba ya rasu, mutumin ya jira har Mma ta fita takaba, sannan ya zo ya durƙusa, da guntuwar Hausarsa.

"Maame, mota na ya mutu. Ki sayar min injin Malam."

Mma ta ce:

"Ba na sayarwa ba ne. Ɗauka. Amma ran Juma'a, in an sauko masallaci, ka biyo ta ƙofar nan. Lokacin Malam yake dawowa gida."

Mutumin bai taɓa fashi ba. In ya iso sai ya taka mai sau ɗaya ya wuce. Mma ba ta leƙawa, tana jin ƙarar sai ta tashi ta zuba mana abinci.

Allah ya ji ƙansu duka. Ku wace ƙara ce ke dawo muku da naku gida?