Murfin Masan Surukin Muttaƙa

Duk Tsarnawa an san Muttaƙa magini da abu ɗaya: in zai kwaɓa siminti sai ya tsefe tsofaffin buhunan leda ya barbaɗa zaren a ciki, wai shi ke hana kankare tsagewa. Gaskiyarsa ce, yana hanawa. Sai dai mutumin akwai cika baki.

Duk kwaɓin da ya yi yakan ɗebi kaɗan ya cika gwangwanin tumatir. In ya bushe sai ya fiddo ɗan curin ya kafta masa guduma, ya sa amalanke ta taka, ko gezau. Wata ma'aikaciyar gine-gine daga Konni, Wasila, ta taɓa ce masa, "Malam, ƙaramin curi ba ya da wurin ɓoye rauni. In babba za ka zuba, babba za ka gwada." Ya yi dariya, ya ce kwaɓi ɗaya ne, kowa ya sani.

Abin da ke ci masa rai shi ne surukinsa, Malam Chindo, dattijo mai jiki, wanda tun da Muttaƙa ya auri 'yarsa Karima bai taɓa kiransa magini ba, sai "mai tsifar buhu". To da dattijon ya haƙa sabon masai, Karima ta yi ta lallashi har ya yarda mijinta ya zuba murfin. Muttaƙa ya zuba shi faffaɗa, sirit, ba rodi ko guda, tunda ai curin ya ci guduma.

Ranar ɗorawa maƙwabta suka taru. Maimakon bawan Allah ya yi shiru, sai ya hau tsakiya ya daka tsalle. Ƙas! Murfi ya dare. Muttaƙa bai rufta ba, don zaren ya riƙe gutsattsarin, sai ya riƙa nutsewa a hankali har ƙugu, hularsa a karkace. Kunya ta kama shi kamar ya ƙarasa shigewa. Allah ya so masan sabo ne.

Malam Chindo ya miƙa hannu ya jawo shi. Muttaƙa na kakkaɓe wando ya ce a hankali, "Baba, zaren dai ya riƙe."

Dattijo ya dubi ramin, ya dubi tumbinsa, ya ce, "Kai ya riƙe, ɗana. Ni da na hi ka nauyi hwa, kuma ba da rakiya nika shiga ba?"