Harshen Malam Boniface

A Sabon Gari aka haifi Malam Boniface Nwabueze, a wani gidan haya mai rijiya a tsakiya, kuma Hausa ya fara ji kafin Turanci. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana ratsa shataletalen Bata da sassafe zuwa Fagge, inda yake koyar da lissafi a wata makarantar sakandare mai zaman kanta. Dogo ne, siriri, alli ya cinye masa tafin hannu har ya yi fari.

Abin da aka san shi da shi guda ɗaya ne. Idan aka zo lissafin kusurwoyin alwatika, yakan rubuta sin, cos, tan a allo, haruffa uku-uku, kamar kowane malami. Amma ba ya yarda a karanta su haka. Duk ɗalibin da ya ce "kos" ko "tan" sai ya miƙe tsaye ya faɗi cikakken sunan sau uku: sain, kosain, tanjent. Yakan ce an gajarta su ne don allo ba shi da faɗi, baki kuwa babu abin da ya matse shi. Ɗalibai suka sa masa suna Malam Tanjent, ya sani, bai taɓa hanawa ba.

A watan Fabrairun 1999 hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo. Ya tashi daga gadon asibiti da ɓarin dama a shanye, harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Matarsa Veronica, mai sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari, ta rufe rumfa wata biyu tana koya masa riƙe cokali da hagu.

"Ticha, yau kai ne ɗan aji ɗaya," take ce masa. "Ka zubar da miyar nan, sai na sa ka kama kunne."

Ba ya dariya, ba ya kuma ɓata rai. Yana kallonta ne kawai.

Ranar Asabar da soja suka miƙa mulki, maƙwabta suka cika falonsa don talabijin ɗinsa ce mai kyau a gidan. Ana ta gardama a kan ko farar hula za su kai shekara biyu. Shi yana kusurwa, leɓɓansa na motsi, yana gwada kalma ɗaya mai gaɓa biyu. Hajiya Gumsu, shugabar makarantar, ta aiko cewa ranar Litinin ya zo ya koyar da darasi guda a gabanta. Idan yara suna fahimtarsa, ajinsa na nan. Idan ba haka ba, za a ba wani.

Veronica ta kai shi a tasi, ta zauna a benci a ƙofar ofis. Ya shiga aji da sanda. Yara arba'in suka miƙe suka gaishe shi, suka zauna shiru. Hajiya Gumsu ta ja kujera a baya.

Ya zana alwatika da hagu, ta fito a karkace. Ya rubuta gajerun kalmomin nan uku a gefenta, ya juyo, ya buɗe baki.

"Ko…" Ya tsaya. Ya sake. "Kos…"

Iyakar inda harshen ya kai ke nan. Wata ɗaliba a layin gaba, Raudha, ta ƙarasa masa a hankali: "Kosain." Da ya zo kan ta uku ya ce "tan", ajin duka ya amsa "tanjent" baki ɗaya, kamar masu amsa addu'a. Haka aka yi minti arba'in, yana fara kalma suna kammalawa. Amma da ya so ya bayyana dalilin da ya sa ake raba wannan gefe da wancan, babu wanda ya san ƙarshen maganar balle ya ƙarasa masa. Ya tsaya da alli a hannu har aka kaɗa ƙararrawa.

A ofis Hajiya Gumsu ta daɗe tana gyara mayafi.

"Malam Boniface, yaran nan suna sonka. Amma jarrabawa suke fuskanta, ba zan iya sa su yi ta cankar abin da ke ranka ba." Ta tura masa mukulli a kan tebur. "Ɗakin littattafai ba shi da mai kula. Ba a magana a can, ko ni ban isa ba."

Ya dubi mukullin. Ya jira ya ji zafi a ƙirjinsa, bai zo ba. Ya ɗauka da hagu ya sa a aljihun gaba.

A waje Veronica ta miƙe. "Yaya aka yi?"

Ya ciro mukullin ya nuna mata. Ta karɓa ta juya shi, ta mayar masa cikin aljihu, ta ɓalla masa maɓallin.

"To, gobe ƙarfe nawa?"

Ya ɗaga mata yatsu biyar na hagu, sannan ya naɗe uku, ya bar biyu a tsaye: ƙarfe bakwai.