Wasiƙu Tara da Ba Su Fita Ba

Cikin shekarun da na yi ina kula da kwamfutocin ofis tsakanin Sabon Birni da Isa, akwai wata Litinin da har yau ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayana, za ni ba ku labarinta yadda ta faru.

A lokacin ina mataki na bakwai, ni kaɗai ne mai gyaran na'ura a wani ofishin malaman gona. Kwana uku ina Sabon Birni, biyu ina Isa. Kaka ce, an yanke gero ana ta ɗaurin damma, malaman gona kuma suna haɗa rahoton wata uku da ake aika wa hedkwata a Sakkwato. Ƙa'idar ita ce babban malamin gona ya tattara bayanan gundumomi, shugaban ofis ya sa hannu, sannan a aika ta imel.

Babban malamin gonarmu shi ne Malam Garba, mutumin Tsamaye, yana mataki na goma sha biyu, saura shekara biyu ya aje aiki. Dattijo ne mai tsari, bai taɓa makara da rahoto ba. Wani zazzaɓi da ya yi ya taɓa masa ji, sai ka matso kusa da kunnensa na dama ka ɗaga murya. Shi ya sa ba ya son waya. Rubutu ya fi so. Ni na saka masa manhajar imel a kwamfutar ofishinsa, na haɗa masa adireshi biyu, na aiki da na kansa.

Da safen nan shugaban ofis ya kira ni, na tarar da Malam Garba tsaye da takarda a hannu. Daga hedkwata take, suna neman bayanin dalilin da rahotonmu bai iso ba.

"Ranka ya daɗe, na aika shi," in ji Malam Garba. "Sati ukku ke nan. Da hannuna na danna."

Shugaba ya dube ni ya ce, "Nasiru, tafi ka duba. Kafin a tashi nake son rahoton nan ya isa."

Muka tafi ofishinsa. Da na buɗe manhajar sai wani ɗan akwatin gargaɗi ya fito da rubutun Turanci. Kafin in karanta, Malam ya miƙo hannu ya rufe shi.

"Kullum shina fitowa," ya ce. "In ka ruhe shi, shi ke nan."

Ga wanda bai san aikin ba, manhajar imel ba ita ke kai saƙo ba. Akwai wata babbar na'ura can nesa da muke kira saba, ita ce kamar gidan waya. Manhajar tana zuwa wurinta ta miƙa wasiƙun da ka rubuta, ta karɓo waɗanda aka aiko maka. In suka kasa haɗuwa, babu abin da ke fita, babu abin da ke shigowa. Abin da ya samu na'urar Malam ke nan, saura a gano dalili.

Na fara da intanet. Fitilun modem, akwatin da ke kawo intanet, suna ci daidai, na haɗa wayata da shi ta buɗe shafuka. Na duba sunayen saba guda biyu, ta shigowa da ta fita, da lambobin ƙofofinsu, na gwada da abin da ke rubuce a littafina. Babu kuskuren harafi ko ɗaya. Na yi zaton kalmar sirri ce ta canza, na ba Malam tawa kwamfutar ya shiga adireshin aiki da hannunsa, ya buɗe lafiya. Na tsayar da manhajar tsaro na ɗan lokaci ko ita ke tare hanya. Ba ita ba ce.

Sa'a biyu ta wuce ina zufa. Daga nan sai raina ya raya min abin da yake raya wa kowane mai gyara in ya gaji: goge adireshin gaba ɗaya, ka sake saka shi sabo. Har na kai kibiyar allo kan wurin gogewa aka kira azahar. Malam ya dafa kafaɗata ya ce mu tafi masallaci tukuna. Da na goge a lokacin, mai yiwuwa duk abin da ke ajiye cikin manhajar ya tafi tare da shi, kuma da ban san abin da na ɓatar ba.

Da muka dawo na zauna na yi abin da ya kamata in fara da shi: na karanta gargaɗin har ƙarshe. Cewa yake takardar shaidar saba ba ta inganta ba. Kowace saba tana da irin wannan shaida, mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma kwamfuta tana gwada ranakun da agogon cikinta kafin ta yarda da ita. Na dubi kusurwar allo. Agogon ya koma baya da sama da shekara goma. A lissafin na'urar, ba a ma fara aiki da shaidar ba tukuna, don haka ta ƙi sabar. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir mai faɗin kwabo da ke riƙe agogo in an kashe wuta. Nata ya mutu. Kowa a ofishin agogon bango yake kallo, ba wanda ya lura.

Na hau babur zuwa kasuwa, na samo batirin wurin mai gyaran agogo, na dawo na buɗe na'urar na saka. Saura in daidaita kwanan wata. A nan ne idona ya faɗa kan akwatin fita, inda saƙo ke zama yana jira kafin ya tafi. Saƙo goma ne a ciki. Ɗaya rahoton hedkwata. Sauran tara duk zuwa ga mutum ɗaya, Isuhu, daga adireshin Malam na kansa.

Ban buɗe ko ɗaya ba, ba hurumina ba ne. Amma kanun wasiƙa a fili suke, ido ba ya iya kauce musu. "Gaisuwa." "Ka yi haƙuri da abin da na faɗa." "Auren Rabi." "Ko ka samu saƙona?" Can cikinsu akwai wadda aka sa wa "Magana ta ƙarshe."

Na san da na gyara agogon, cikin ƙiftawar ido duk goma za su fita. Sai na zare igiyar intanet, na shiga saitin manhajar na cire mata izinin aikawa da kanta.

Yanzu yaya za ni gaya masa? In na yi magana dole in ɗaga murya, ga ma'aikata suna kai da kawo a baranda. Na jawo takarda na rubuta: "Baba, akwai wasiƙu tara naku zuwa ga Isuhu. Ko ɗaya ba ta fita daga na'urar nan ba. Bai gan su ba."

Ya sa tabarau ya karanta. Ya sake karantawa. Sannan ya jawo kujera ya zauna a hankali.

"Ko guda?" ya ce.

Na girgiza kai.

"Tura ƙohwar ga, ɗana."

Na rufe ƙofa. Ya gaya min Isuhu ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana koyarwa a Yamai. Farkon damina mahaifiyarsu ta kwanta ciwo a Tsamaye, aka aika masa, bai samu izinin tahowa da wuri ba, sai bayan an rufe ta da kwana biyu ya iso. A wurin zaman makoki, gaban mutane, Malam Garba ya ce masa wanda bai zo jinya ba, ba a bukatar kukansa. Da aka yi addu'ar bakwai Isuhu ya koma Yamai. Ya kira waya sau biyu, Malam bai ɗauka ba.

"Da zuciyata ta huce na rubuta mai," in ji shi. "Na ce ni na yi laihi. Shiru. Na sake, shiru. Ga auren ɗiyata Rabi Asabar ta sama, shi ne waliyyinta, shi ya yi mata huɗuba ranar da anka haihe ta. Na rubuta na ce ya taho ya ba da auren ɗiyarshi. Kullum da sahe sai in buɗe na'urar ga in duba. Ba komi."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ran Alhamis na rubuta mai wadda ba ta da kyau. Na ce na samu wani waliyyi, kada ya taho, kuma ko mutuwata ya ji ya yi zamanshi."

Na matsa kusa da kunnensa na dama, na ce a hankali yadda zai ji, "Baba, ita ma ba ta tafi ba. Tana nan. Ku bari mu fara karɓo na shigowa, kafin mu aika komai."

Na daidaita agogo, na mayar da igiya, na danna karɓa kawai. Gargaɗin bai fito ba. Saƙonnin mako bakwai suka fara zubowa, na hedkwata da na tallace-tallace, kuma a tsakaninsu sunan Isuhu sau huɗu. Na tashi za ni fita in ba shi wuri. Ya riƙe hannuna.

"Idona ba shi gani yanzu. Karanta min."

Hausa Isuhu ya rubuta, da irin baƙaƙen masu karatun Faransanci, sai da na riƙa tsayawa ina haɗa kalmomin. Ta farko gajera ce, yana roƙon Yaya ya yafe masa, shi ma bai yafe wa kansa rashin ganin Inna ba. Ta ƙarshe kwana biyar da aikowa. Ya ce ya ji batun auren Rabi a bakin 'yar'uwarsu, ya gane shirun Yaya yana nufin ba a son ganinsa, kuma ba zai zo ya ɓata wa yarinya ranarta ba. Amma in an yarda masa, ko daga bayan taro ne zai tsaya ya yi fatiha ya juya.

Na karanta masa su bakina kusa da kunnensa. Da na gama ya share fuska da hannun riga ya ce, "Nuna min yadda a ka kashe wasiƙa."

Na nuna masa. Da kansa ya kai kibiya kan "Magana ta ƙarshe" ya goge. Ya tambaye ni ko ta tafi ke nan. Na ce tana cikin kwandon shara. Ya ce a zubar da shi ma, muka zubar.

"Sauran takwas fa?" na tambaya.

"Su tahi duka. Ya san na neme shi."

Ya ƙara sabuwa mai layi uku, yana buga harafi ɗaiɗai da yatsa guda. Muka aika rahoton hedkwata da farko, sannan nasa. Na nuna masa yadda lambar akwatin fita ke raguwa har ta ƙare, na buɗe masa akwatin waɗanda suka tafi ya gan su a jere. Sai a lokacin na tuna ni na saka masa manhajar, amma ban taɓa zama na minti biyar na nuna masa bambancin akwatunan nan biyu ba. Na ce ya yafe ni. Ya yi murmushi ya ce ai shi ke rufe gargaɗi bai karanta ba, mun yi kunnen doki.

Na kai wa shugaba bayani a rubuce cewa matsalar ta na'ura ce, ba sakacin malami ba, aka haɗa da amsar da aka mayar wa hedkwata. Maganar ta mutu a nan. Batun wasiƙu kuwa ban sa a takarda ba.

Washegari ina Isa. Wajen hantsi wayata ta yi ƙara, na ga lambar Malam Garba, mutumin da bai taɓa kirana ba. Da ƙarfi yake magana, don ba ya jin muryar kansa.

"Nasiru! Ya amsa! Shina tahowa ran Laraba!"

Kafin in ce wani abu ya kashe.

Na je ɗaurin auren a Tsamaye. Isuhu dogo ne siriri, yana zaune gefen dama na yayansa, duk abin da liman ya faɗa sai ya sunkuya ya maimaita masa a kunne. Shi ya ba da auren. Ba su yi wani dogon zance a gaban mutane ba, amma da aka shafa fatiha na ga Malam ya kamo hannunsa bai saki ba har aka watse. Kafin in ba ku labarin nan sai da na nemi izininsa, ya ce in faɗa ko wani ya amfana.

Abin da na ɗauka daga ranar, na gyara ne da na mutane. Na gyara kun ji shi: karanta gargaɗi har ƙarshe, duba agogo, kada ka goge abin da ba ka san me ke ciki ba, kuma kada ka buɗe hanya sai ka tambayi mai na'ura ko yana son duk abin da ke jira ya fita. Na mutane shi ne, wanda ya kawo maka ƙorafin aiki ba lallai ne aikin ke hana shi sukuni ba. Dattawan ofisoshinmu ba sa son a ga ba su iya ba, sai su yi shiru da abin da ba su gane ba, su ɗauki laifin a kansu ko su ɗora wa wanda ke can nesa. In kun gama gyara, kada ku naɗe igiyoyinku ku fita. Ku jawo kujera ku zauna kusa da mutum, ku bar shi ya aika saƙo ɗaya da hannunsa, ya ga ya tafi.