An Hana Ni Magana a Kan Tafiyar Jos

Sharaɗin da suka gindaya mini kafin a sa ni cikin tafiyar Jos shi ne in yi shiru. Da dariya suka faɗa, amma ba wasa suke yi ba. Mu huɗu ne, kullum bayan la'asar muna zama ƙarƙashin wani mangwaro a bakin kanal, a kan hanyar da ta fito daga Kura ta nufi Bunkure. Akwai malamin Islamiyya, akwai mai gyaran injin ban-ruwa, wanda Kirista ne ɗan Filato da ya daɗe a cikinmu har Hausa ta zauna masa a baki, sai ni, sai aminina wanda gonarsa ke jikin tawa.

Dalilin sharaɗin kuwa, a yankinmu an yi mini shaidar kambun baka. Wai duk abin da na kalla na ce zai lalace, to ya lalace. Na taɓa cewa gaɓar kanal ta wajen kwalbati za ta zube, ta kuwa zube. Na ce wa wani direba kwandunan da ya lafta wa motarsa sun yi yawa, bai kai Kwanar Ɗangora ba tayar baya ta fashe. Daga nan shi ke nan. Ni dai abin da na sani, ido gare ni, kuma bakina ba ya iya riƙe abin da idon ya gani. Gaɓar nan ɓeraye ne suka rarake ta, duk wanda ya sunkuya zai gani. Amma je ka faɗa wa mutanenmu haka. Har akwai waɗanda in na bi ta gefen gonarsu sai su riga ni cewa tubarkalla da ƙarfi, kuma abin yana ƙona mini rai har gobe.

Mai gyaran inji ne ya kawo zancen tafiyar. Shekara da shekaru yana cika mu da labarin Jos, sanyinta da duwatsunta da shayin safe, yana cewa yayarsa tana da ɗakuna da za mu sauka. A shekarar, da sanyi ya janye zafi ya fara danno kai, sai ya ce, "Ku dai kullum baki. Mu tafi Juma'a mu dawo Lahadi mana, wa zai mutu?"

Aminina ne ya cafe maganar. Shi ba manomi ba ne sosai. A Kano ya yi ƙuruciyarsa yana jan adaidaita sahu, sai bayan rasuwar mahaifinsu ya dawo gida. Yayyensa sun so su ba da hayar gonar, ya roƙe su a bar masa ita rani ɗaya ya gwada. In ta yi kyau ya ci gaba, in ba ta yi ba a ba wani. Tumatir ya sa, tumatir ɗin kuma ya karɓe shi. Ya yi duhu, ya ɗaura 'ya'ya kore shar, saura ya nuna a fara cira. Shi ya sa ya ga lokacin ya dace: ya ba shi ruwa ranar Alhamis, ya je ya sha iska, ya dawo ya tarar da ja. Tun rasuwar tsohonsu ban ga yana dariya haka ba.

"Amma kai," ya nuna ni, "kada ka ce motar kaza, kada ka ce dajin Falgore kaza. In ka ga abu, haɗiye shi. Ka ji ko, mutumina?"

Na ce na ji.

A farkon makon tafiyar na gani. Da safe ne, ina gyara kunyar da ta raba gonata da tasa, sai idona ya faɗa kan wani ganye na ƙasa a jikin tumatirinsa. Wani farin zane ne a jikinsa, a karkace, kamar an ja da farce. Na tsinke shi na ɗaga wa rana. A tsakiyar ganyen, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ga 'yar tsutsa tana motsi. Duk wanda ya daɗe yana noman rani a nan ya san ta. Ba ta cin ganye ta waje inda za ka gan ta, ta ciki take bi, kuma da zafi take zuwa. Shekarar da ta fara shigo mana, mutum zai bar gonarsa lafiya, ya dawo ya tarar kamar an bi ta da wuta. Na duba wasu gindin a bakin kunyar. Biyu suna da shi, sauran babu. Na murje ganyen na jefa a ruwa, na ce wa kaina wataƙila iyakarta ke nan.

Da yamma aka zauna shiri. Malam ya ce ya samo aron motar ƙanensa. Aka shiga musu a kan lokacin tashi. Aminina yana son a fita bayan sallar Juma'a, mai gyaran inji ya ce a'a, shi ba ya son magariba ta same mu cikin daji, a tashi da asuba a yi Juma'a a can. Malam ya tambaya ko akwai masallaci kusa da gidan yayar tasa. "Malam," in ji shi, "ni da kaina zan kai ku har ƙofa, in jira ku a wajen mai shayi." Suka yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora, amma hankalina yana kan ganyen nan.

Kashegari ganyen da suka kamu sun ƙaru. Ba sai na sunkuya ba, daga kan kunyata ina hango fari-fari a layin farko. Mai gonar ya zo, ya zagaya yana taɓa 'ya'yan yana murna. 'Ya'yan yake kallo, bai san ana ɗaga ganye ba. Ya ɗago ya ga ina kallon wajen, sai ya ce, "Ya dai?" Na ce babu komai, tubarkalla masha Allah. Ya tafi wajen tela, wai sabuwar shadda yake ɗinkawa don kada mutanen Jos su raina mu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali da yammacin ranar na gan shi. Muna zaune ana maganar wa zai zo da bargo, wa zai ari rigar sanyi, sai wani ɗan akuya ya kutsa cikin gonar aminina, wadda take bayan inda suke zaune. Yana shiga, wasu 'yan ƙwari masu launin toka suka tashi daga cikin ganyen kamar ƙaiƙayi, suka yi sama kaɗan suka koma suka lafe. Su ne iyayen tsutsar. Ni kaɗai nake fuskantar wajen. Mai gyaran inji yana cewa sai mun ci gasasshen dankali a bakin hanya, aminina yana cewa shi dai a kai shi ya ga namun daji. In na yi shiru, gonar za ta tafi, yayyensa su karɓe ta. In na yi magana, duk abin da ya biyo baya ni ne.

Na tari malam a hanyar masallaci na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ni ban san tumatir ba, kai ka sani. In gaskiya ne, haƙƙinsa ne ka sanar da shi." Na ce to ko shi zai faɗa masa, tunda bakinsa ba shi da tabo. Ya ce, "In ya tambaye ni wa ya gani fa? Ƙarya zan yi masa?" Haushi ya kama ni, amma ban ga laifinsa ba.

Ranar Alhamis yana ba da ruwa na tsallaka kunyar. Ya naɗe wando, ƙafarsa duk laka, yana ta sheƙa fito. Ban yi wani dogon bayani ba. Na tsinko ganye na ɗaga masa shi a rana, na nuna masa abin da ke motsi ciki. Na ce a fasa tafiyar, ko a ɗaga ta, a yi feshi yau da yamma a sake bayan kwana biyu, in Allah ya so a tsira da wani abu.

Ya daɗe yana kallon ganyen. Sannan ya kalle ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Yaushe ka gani?"

Na ce tun farkon mako.

"Wato duk kwanakin nan kana tsaye kana kallon gonata."

"Kai ka ce in haɗiye."

"Kafin ka fara kallonta akwai wannan abin?"

Na ce wallahi ni ban sani ba, zafi ne ke kawo ta, kowa ya san haka. Ya jefar da ganyen. Ya ce ganye biyu ba za su hana shi tafiya ba, kuma shi ya dogara ga Allah, bakin wani ba zai yi masa komai ba. Daga yadda ya faɗi haka na gane tsoro ne ya kama shi, kuma ba tsoron tsutsar ba ne. A ganinsa, in ya fasa tafiyar ya yarda da abin da na faɗa, in kuwa ya yarda to ya tabbata. Na yi fushi, na ce masa maganar banza yake yi, ya girma a birni amma ya fi tsofaffin ƙauye camfi. Ya juya ya ci gaba da buɗe wa ruwa hanya.

Da asubar Juma'a na je inda motar take, ba jaka a hannuna. Na ce musu wani uzuri ya taso mini. Mai gyaran inji ya yi ta roƙona, ya ce yayarsa ta riga ta shimfiɗa wa mutum huɗu. Aminina yana gaba cikin sabuwar shaddarsa, bai juyo ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na ga ya runtse ido kamar na faɗi wani mugun abu.

Da rana ta yi sanyi na haɗa magani, na goya tankin feshi na shiga gonarsa. Ban nemi izinin kowa ba. Ina tafe ƙwarin suna tashi a gabana layi bayan layi, sun fi yadda na zata nesa ba kusa ba. Gefen da ke jikin gonata ya riga ya fara yin ruwan ƙasa. Na bi ganye sama da ƙasa har kafaɗata ta sage. Da na ɗago, sai na ga wani dattijo mai gonar albasa a tsaye kan gaɓar kanal da kekensa, yana kallona. Na gaishe shi. Ya amsa a hankali, ya ce, "Mai gonar ba ya nan ko?" Na ce ba ya nan. Ya gyaɗa kai ya hau kekensa. Na san kafin isha gari ya ji. Duk da haka na sake shiga ranar Lahadi da safe.

Sun dawo lafiya, ba abin da ya sami motar, ba abin da suka gani a daji. Mai gyaran inji ya kawo mini dankalin Turawa, malam ya kawo mini labari. Aminina ma ya aiko mini da tsaraba, rigar sanyi mai kauri, ya ba matarsa ta kawo wa matata. Shi bai zo ba.

Rabin gonar ya ƙone, rabin da ke wajena. Ɗaya rabin ya yi, ya cire abin da ya cire, yayyensa suka duba suka ce ya ci gaba. Ni na san feshin nan ne ya tsirar da abin da ya tsira. A gari kuwa cewa ake yi iyakar inda idona ke kaiwa daga kan kunyata, nan ne ya ƙone. Ban taɓa tambayarsa wanne ya ɗauka ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. Muna gaisawa, muna zama a gindin mangwaro, in an yi abin dariya mu yi.

Da rani ya zagayo ya sake sa tumatir. Kafin ya dasa, ya shuka masara layi biyu, a matse, tun daga farkon kunyar da ta raba mu har ƙarshenta. Sauran gefunan uku bai sa komai ba. Mai gyaran inji ya tambaye shi a gabana, ya ce don iska ne. Kafin tumatir ɗin ya yi fure masarar ta wuce kaina. Ina jin motsinsa a bayanta yana ba da ruwa yana fito, in ce sannu da aiki, ya ce yauwa sannu. Ranar nan zafi ya fara, na tsinci farin zanen a ganyen tawa gonar, na tsaya a jikin masarar da ganyen a hannuna na kira shi. Ya ce, "Ya dai?" Na ce babu komai.